Suracin gilashi a ƙarƙashin ruwa: yadda masu nutso ke hana shi rufe musu ido

Duk wanda ya taɓa ciro kwalbar lemo daga firigo a watan Ogusta, a Maradi ko a Yamai, ya san abin da ke biyo baya. Kafin ya kai ta baki, jikin kwalbar ya jiƙe kamar ta yi zufa. Kwalbar ba ta huje ba. Ruwan daga iskar ɗakin ya fito, ya tarar da wuri mai sanyi, ya zauna. A kan tudu ba mai damuwa da wannan, sai a sa gefen riga a goge. Amma akwai mutanen da irin wannan zufar ke riska a inda hannu ba ya kaiwa: masu nutso a teku da koguna, waɗanda ke sauka mita 10, 20 ko 30 ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya, da gilashi manne a fuska.

Idan cikin gilashin ya yi suraci, abin da Faransawa ke ce wa buée, mai nutso ya zama kamar direban da hazo ya rufe wa hanya, ga shi kuma ba gefen titi da zai raɓe ya tsaya. Shi ya sa a makarantun koyon nutso, daga Marseille zuwa Dakar har gaɓar Bahar Maliya a Masar, maganin suraci yana cikin darussan farko. Dabarun ba su da tsada, mafi yawansu da kayan da ke cikin kowane gida ake yin su. Wanda kuma ya gane dalilinsu zai ci moriyarsu a kan tabaransa, da hular kwanonsa, da gilashin motarsa.

Me ya sa sai da gilashi?

Idon ɗan Adam da iska yake aiki. Haske yana karyewa ne a daidai lokacin da ya bar iska ya shiga fatar nan mai sheƙi ta gaban ido, kuma wannan karyewar ce ke tattara hoto ya fito tar. Idan ruwa ya taɓa ido kai tsaye, karyewar takan kusan ɓacewa, saboda ruwa da gaban ido kusan iri ɗaya suke wurin yadda haske ke ratsa su. Duk wanda ya taɓa buɗe ido yana kurme a gulbi ya san sakamakon: komai dishi-dishi, ko da ruwan garau ne.

Aikin gilashin nutso shi ne ya riƙe ɗan ɗakin iska a gaban ido. Yana da fuskar gilashi, da gefe na roba mai laushi da ake kira silikon wanda ke manne wa fata, da igiyar da ke zagaya ƙeya. Da shi gani ke dawowa, sai dai abubuwa kan yi kamar sun ƙara girma da wajen kashi ɗaya cikin uku, su kuma matso kusa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Gilashin yana rufe hanci ma, kuma da dalili. A bakin ruwa matsin iska bar 1 ne. A mita 10 ya zama bar 2, a mita 20 bar 3. Yayin da mutum ke sauka, ruwa na danne iskar da ke cikin gilashin, gilashin ya riƙa tsotsar fuska har jini ya iya kwanciya a ido. Maganin shi ne mai nutso ya riƙa hura ɗan numfashi ta hanci zuwa cikin gilashin. Wannan ne ya sa ba a yin nutso mai zurfi da ƙaramin tabaran ninƙaya wanda ido kawai yake rufewa.

Tun shekarar 1943, da hafsan sojan ruwan Faransa Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunya daidai da zurfin da yake, mutane suka samu damar daɗewa a ƙasan ruwa. Mai kurme na daƙiƙa 30 zai iya haƙuri da suraci. Wanda zai yi minti 45 a ƙasa ba zai iya ba.

Daga ina suracin ke fitowa?

Da yawa kan zaci ruwan teku ne ke ratsa gilashin, ko kuma iskar tukunya ce ke da laima. Iskar tukunya busasshiya ce ƙwarai, don ana tace ta a cire mata danshi kafin a cusa ta, kuma ta baki ake shaƙar ta. Suracin daga jikin mai nutson kansa yake: zufar fuskarsa, danshin idonsa, da numfashin da ke fita ta hanci.

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa. Idan aka ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, a zafin digiri 35 za ta iya ɗaukar kusan giram 40 na ruwa. A digiri 25 giram 23 ne, a digiri 20 kuwa wajen giram 17. Numfashin mutum yana fitowa da zafin digiri 34 zuwa 35, kuma kusan a cike yake da danshi. Shi kuma gilashin, ruwan da ke waje yana sanyaya shi nan take, domin ruwa ya fi iska janye zafi da wajen ninki 25. Da iskar fuska ta taɓa gilashin mai sanyi, sai ta kasa riƙe kayanta, ta sauke rarar a kai. Haka raɓa ke sauka a kan ciyawa da asuba.

Ke nan gwargwadon sanyin ruwa, gwargwadon yawan suraci. A Marseille, inda ruwan teku ke sauka zuwa wajen digiri 13 a lokacin hunturu, matsalar ta fi tsanani. Amma ko a Bahar Maliya mai ɗumi ana fama da ita, musamman idan mutum ya daɗe a rana a kan jirgi fuskarsa ta yi zafi kafin ya faɗa ruwa.

Ga inda sirrin yake. Ruwan da ya sauka a kan gilashi, in ya shimfiɗu bai ɗaya, ba ya hana gani, haske na ratsa shi kamar babu komai. Abin da ke makantar da mutum shi ne idan ruwan ya dunƙule ya zama dubban ƙananan ɗigo. Kowane ɗigo na karkatar da haske nasa wajen, sai gaba ɗaya gilashin ya yi fari fat. Matan gida sun san wannan a wurin wanke-wanke: kwanon da aka ci miyar mai a ciki, in an zuba masa ruwa sai ruwan ya riƙa tattarewa ɗigo-ɗigo, in kuma an wanke shi da sabulu sai ruwan ya bi jikinsa ya kwanta luf. Mai nutso ba shi da ikon hana danshi sauka. Abin da yake iyawa shi ne ya mai da gilashinsa irin kwanon da aka wanke. Duk dabarun da za mu zayyano a kan wannan suka tsayu: cire maiƙo, da sa abin da zai hana ruwa dunƙulewa.

Haɗarin da ke ciki

Wani zai ce ai rashin jin daɗi ne kawai, mutum ya biya kuɗi ya ga kifaye bai gani ba. Lamarin ya fi haka. A ƙasan ruwa ba a magana, da hannu ake yin ishara: lafiya lau, akwai matsala, iskata ta kusa ƙarewa, mu hau. Wanda ba ya gani ya zama kurma kuma bebe. Ba zai karanta agogon iskarsa ba, alhali tukunyar da aka cika zuwa bar 200 ƙa'ida ita ce a fito da saura wajen bar 50 a cikinta. Ba zai ga na'urar da ke nuna masa zurfi da lokaci ba, ba zai hangi komar masunta ko igiyar da za ta iya sarƙe shi ba.

Babban abin tsoro kuwa shi ne firgici. Sabon mai nutso da ya daina gani yakan ji ƙirjinsa ya cushe, numfashinsa ya yi sauri, zuciyarsa ta ce masa ya yi sama da gudu. Nan ne ake samun asarar rai. Iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin a kai saman ruwa. Wanda ya hau da sauri yana riƙe da numfashi, huhunsa na iya tsagewa, kumfar iska ta shiga jini. Hawan gaggawa bayan daɗewa a zurfi kuma na sa iskar nitirojin da ta narke a jiki ta yi kumfa, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe, abin da kan kai ga ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Don haka makarantu ke koyar da hawa sannu a hankali, tsakanin mita 9 zuwa 18 a minti ɗaya gwargwadon tsarin da suke bi, ba tare da an taɓa riƙe numfashi ba.

Sabon gilashi: wankin farko

Abin mamaki, sabon gilashi dal daga kanti ya fi tsoho yin suraci. A masana'anta, lokacin da ake zuba robar silikon a ma'auninta, wani ɗan maiƙo da ido ba ya gani kan lulluɓe fuskar gilashin. Muddin yana nan, duk maganin da aka shafa zamewa zai yi.

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce man goge haƙori, farin nan na gargajiya, ba mai kama da jeli ba, ba kuma mai tsakuwoyi a ciki ba. A ɗiga kaɗan a cikin gilashin yana bushe, a murza da tsabtataccen yatsa na ƴan mintoci har lungu-lungu, a ɗauraye da ruwa sosai, a sake. Sau ɗaya ba ya isa, wani gilashin sai an yi masa sau uku zuwa biyar. Gwajin mai sauƙi ne: a huro masa numfashi daga baki. Inda ya yi fari nan da nan, akwai sauran maiƙo. A kuma tabbata an ɗauraye man tas, don sanyin na'ana'ar da ke ciki na sa ido hawaye.

Wasu tsofaffin hannu kan bi cikin gilashin da harshen wutar birike don ƙone maiƙon, su bar shi ya huce su goge baƙin. Dabarar na aiki, amma tana iya narkar da robar gefe, tana iya raunana gilashin idan wutar ta daɗe a wuri ɗaya, kuma kamfanoni da yawa ba sa karɓar koken wanda ya yi ta. Ba aikin sabon shiga ba ne.

Kafin man haƙori ko wuta, sai an duba irin gilashin. Na ƙwarai ana yin sa da gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi, kuma akan rubuta Tempered ko harafin T a gefensa. Idan fuskar ta roba ce, kamar yawancin masu araha na yara, man haƙori zai kankare ta, wuta kuma ta narkar da ita. Haka nan gilashin da aka yi wa rufi mai launi ko mai ɗaukar ido, ko wanda aka manna wa gilashin magani daga ciki: waɗannan ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano kawai suke so.

Kafin kowace shiga ruwa

Wankin farko share fage ne. Duk sanda za a shiga ruwa, sai an shafa abin da zai sa danshi ya kwanta. Abu uku aka fi amfani da su.

Na farko miyau. Shi ne maganin da ya fi kowanne daɗewa, ba a sayen sa, ba a kuma manta shi a gida. Sinadaran da ke sa miyau yauƙi suna rage dunƙulewar ruwa. Ana tofawa a cikin gilashin, a murza, a ɗan tsoma cikin ruwa sau ɗaya. Aibinsa biyu ne: ba ya daɗewa, kuma baki matattarar ƙwayoyin cuta ne. Wanda ke mura ko ciwon baki bai kamata ya kai miyansa kusa da idonsa ba, ba a kuma yin haka da gilashin haya ko a bokitin da kowa ke ɗauraye nasa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, cibiyoyin nutso da yawa sun hana tofa miyau saboda wannan.

Na biyu shamfun jarirai, wanda aka yi shi don kada ya yi zafi a ido. Ana sirka shi da ruwa a ƙaramar kwalba, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a kowane ɓangare. A jiragen da ke kai masu yawon buɗe ido nutso a Hurghada da Sharm el-Sheikh, da wuya a rasa irin wannan kwalbar a gefe.

Na uku magungunan da aka yi musamman don wannan aiki, na fesawa ko na shafawa. Sun fi daɗewa, amma wasunsu na da ƙarfi, sai an bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Masu kurme na da can kuma sukan goga yankakken ɗanyen dankalin Turawa ko ganyen ciyawar teku.

Ko wanne aka zaɓa, tsarin ɗaya ne. A shafa gilashin yana bushe, don in ya riga ya jiƙe maganin ba zai kama ba. A murza ya game ko'ina. A ɗauraye sau ɗaya, a gaggauce, yadda za a bar ɗan santsi a jiki. A zubar da ruwan, kada a sake sa yatsa a ciki. A wanke fuska da ruwan da za a shiga don ta huce, a sa gilashin, a bar shi a fuska har a gama.

Batun ɗaurayewar nan ba wasa ba ne, ƴan sama jannati ma sun ɗanɗana kuɗarsu ta fuska biyu. A watan Yunin 1966, Ba'amurke Eugene Cernan ya fita wajen kumbon Gemini 9, ya yi ta aiki yana zufa har gilashin hularsa ya rufe da suraci, dole aka katse aikin ya lallaɓa ya koma ciki. Daga nan aka fara shafa maganin suraci a hulunan. A watan Afrilun 2001 kuma, ɗan Kanada Chris Hadfield yana aiki a wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ragowar maganin ya shige masa ido, hawaye suka taru, ya daina gani na ɗan lokaci. Rashin magani ya makantar da na farko, yawansa ya makantar da na biyu.

Kurakuran da ke dawo da suraci

Akan samu wanda ya yi duk abin da aka ce amma gilashinsa bai daina ba. Galibi laifin hanci ne. Mun saba da numfashi ta hanci tun haihuwa, shi ya sa sabon mai nutso ke fitar da iska ta nan bai sani ba, kowane numfashi yana ƙara danshi. Ƙa'ida ita ce shaƙa da fitarwa duk ta baki, hanci kuma sai lokacin daidaita matsi ko korar ruwa.

Ɗora gilashi a goshi yayin jira shi ma kuskure ne: zafin goshi da zufa da man gashi duk suna komawa ciki. Ban da haka igiyar ruwa na iya fizge shi, kuma a wasu makarantu ana ɗaukar gilashi a goshi a matsayin alamar mutum na cikin wahala. In za a cire, a sauke shi a wuya. Man shafawa da man kariya daga rana su ma maiƙo ne, yatsan da ya taɓa su kada ya taɓa cikin gilashi.

Sai gilashin da bai dace da fuska ba. Idan yana yoyo, mutum zai yi ta hura hanci don korar ruwa, maganin ya wanke, suraci ya dawo. Kafin saye, a ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, a ɗan ja numfashi ta hanci, a saki hannu. In ya tsaya, ya dace. Matse igiya da ƙarfi ba ya hana yoyo, lanƙwasa robar yake yi ya ƙara shi. Masu gashin baki sukan rage ɗan layin da ke ƙarƙashin hanci, ko su shafa man silikon a wurin. Ana guje wa basilin saboda yana lalata wasu robobin.

Bayan an fito, a ɗauraye gilashin da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, a ajiye a akwatinsa. Rana na busar da robar, yashi na kankare fuskar, kuma duk inda datti ya maƙale nan ɗigo ke fara taruwa.

In ya riga ya rufe a ƙasan ruwa

Abu na farko shi ne tsayawa. A ja numfashi a hankali, a yi wa abokin nutso ishara, don ba a nutso mutum ɗaya. Sannan a ɗan ɗaga saman gilashin ruwa kaɗan ya shiga, a sunkuyar da kai, a juya shi hagu da dama ruwan ya wanke fuskar gilashin. Don fitar da ruwan kuma, a danna saman gilashin a goshi da yatsu, a ɗaga kai kaɗan, a hura iska ta hanci a hankali. Iskar za ta taru a sama ta tura ruwan ya fita ta ƙasa.

Wannan darasi, cika gilashi da ruwa da fitar da shi, har da cire shi gaba ɗaya a mayar a ƙarƙashin ruwa, yana cikin gwaje-gwajen da ake yi kafin a ba mutum takardar shaidar matakin farko. Ana maimaita shi a ruwan da bai wuce ƙirji ba har ya zama jiki. Wasu kan bar ɗan ruwa kamar cokali ɗaya a cikin gilashin da gangan, duk sanda ya yi fari su sunkuya su wanke. Idan kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a yi ishara a hau tare, a hankali. Ba kifin da ya kai ran mutum.

Mu da ke nesa da teku

Nijar ba ta da teku, amma tana da masu shiga ruwa. A Yamai, idan kwalekwale ya kife ko wani ya nutse a kogin Isa, ƴan kwana-kwana da masunta ake kira. Da damina kogin kan yi ja saboda laka, gani ya ragu har mutum ya koma lalube da hannu. A irin wannan ruwa ɗan abin da ido ke iya kamawa, agogon iska da igiyar da ke haɗa mai ceto da na sama, ba abin da za a bari suraci ya cinye ba ne.

Sauranmu kuwa, a kan tudu muke gamuwa da abin. Mai tabarau da ya sa takunkumin rufe baki da hanci ya san shi tun zamanin korona. A 2011 wasu likitocin fiɗa a Ingila sun wallafa dabarar da suke bi: a wanke tabarau da ruwan sabulu, a karkaɗe, a bar shi ya bushe da kansa. A kuma matse ƙarfen takunkumin a karan hanci don numfashi ya daina hawa sama. Amma kada a kuskura a kai man haƙori kan tabaran magani ko tabaran ninƙaya. Yawancinsu na roba ne masu rufi mai laushi, murza ɗaya ta isa ta ɓata su.

Ɗan kabu-kabu da ke fita da asuba a lokacin sanyi, ko cikin ruwan sama, gilashin hular kwanonsa na yin haka. Ya ɗan ɗaga shi yatsa ɗaya iska ta shiga, ya wanke cikinsa da ruwa da ɗigon sabulu mai laushi. Akwai hulunan da ake manna wa gilashi na biyu daga ciki, irin na kamfanin Pinlock, wanda ke raba numfashi da sanyin waje.

Direban da ya kwaso fasinjoji cikin ruwan sama a hanyar Maradi zuwa Damagaram, tagogi a rufe, numfashin mutum goma sha na sauka a gilashin gaba. Gogewa da tafin hannu maiƙo take ƙarawa, in dare ya yi fitilun motocin da ke tahowa su watsu a kai. Ya kunna na'urar sanyi ya juya iskar ga gilashi, don tana busar da iska, ya kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, ko ya ɗan sauke tagogi biyu. Idan kuma suracin daga waje yake, saboda sanyin ciki ya yi yawa, magogin gilashi ne maganinsa. Cikin gilashin mota ma yana son wanki kamar wajensa.

Magana ta ƙarshe ga iyaye ce. Ƙananan gilasan ninƙaya na roba sun shigo kasuwanninmu, yara na son su. Gilashi gani kawai yake bayarwa, ba ya koya wa yaro iyo, ba ya ƙara masa numfashi. Kowace damina gulabe da tabkuna da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini suna cika, kuma ƙasansu laka ce da ramuka. Yaron da ya sa gilashi yakan ji ƙarfin halin zuwa inda da ba zai je ba. In an saya masa, a koya masa yadda zai wanke shi da yadda zai cire shi ba tare da firgita ba, a ruwan da bai wuce masa ƙugu ba, kuma babban da ya iya ruwa yana tsaye kusa da shi.